Tambaya da Amsa: Motar da za ta daɗe a ajiye

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan tafi karatu na wata 8, motata za ta zauna a gida a Gusau. Me zan yi mata kafin in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da juye baƙin mai da sauya filta, don tsohon mai idan ya kwanta cin ƙarfen inji yake yi. Cika tanki, saboda wanda aka bari rabi yana tara raɓa ya yi tsatsa. Kwance baƙar wayar batir. Da hali ma cire batirin gaba ɗaya ka kai shi ɗaki, zafin bazara na saurin kashe shi.

Birkin hannu kuwa kada ka ja shi. Damina na sauka sai ya liƙe. Sa giya, ka tokare tayoyi da itace, ka ƙara musu iska kaɗan.

Babbar ɓarna ta ɓeraye ce, su ke tauna wayoyin inji. Share duk ɓurɓushin abinci, ka toshe bakin salansa da soson ƙarfe, ka nisanta motar da buhunan gero. Rumfa ta fi tamfol na leda, wanda ke riƙe danshi ya ɓata fenti.

Kuma ka hana yara tayar da ita na minti 5 su kashe. Ko dai a zagaya da ita na minti 20, ko a ƙyale ta.