Amsa: Ƙusa ta huda tayata a hanyar Jidda zuwa Makka, igiyar faci za ta riƙe?

Malam, za ta riƙe, muddin hujin yana kan fuskar da ke taka kwalta kuma bai wuce milimita 6 ba. In a gefen taya ne, kada ma ka soma. Wurin lanƙwashewa yake, tofar da ita zai yi.

Zare ƙusar da filaya, ka goge ramin da tsinken nan mai kaushi na kayan faci, kana bin yadda ƙusar ta karkata. Nan mutane ke kuskure, su buɗe rami na biyu. Zura igiyar a allurar faci, shafa mata gam, tura kashi biyu cikin uku nata cikin ramin, fizgo allurar ba murɗawa. Yanke saura, ba wa tayar iska, zuba ruwan sabulu. Kumfa na nufin tana yoyo.

Da zafin kwaltar nan, daga baya leƙa banshar, wato shagon masu faci, su liƙa faci ta ciki.