Dajin Achimota da mu 'yan Zango

Assalamu alaikum Yaya. Ka tambaye ni yadda aka yi dajin Achimota ya rayu a tsakiyar Akara, babban birnin Ghana, ga unguwannin Nima da Mamobi cike maƙil da Hausawa. Ka ce da a Kano ne da tuni an shiga da gatari, abin da ya rage a yanka fuloti.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, a nan babu dajin Allah da kowa zai kutsa ya sari abin da yake so. Ƙasar Akara ta mutanen ƙabilar Ga ce, kuma kowane taku yana da mai shi, ko sarauta, ko dangi, ko gwamnati. Kakanninmu da fataucin goro da aikin soja suka kawo, roƙon mazauni suka yi aka ba su. Haka Malam Baƙo ya samu wurin da ya zama Sabon Zango. Da wannan tarbiyya muka tashi: ba a taɓa filin da ba a ba ka ba, in kuma magana ta taso, Sarkin Zango da limamai ne ke shiga gaba, ba samari ba. An ce baƙo raɓa ne. Mu dai mun kwana mun hantse, 'yan ƙasa ne mu, amma wannan kunyar ba ta bar mu ba.

Kada ka ɗauka hannunmu fes yake. Mai waake (shinkafa da wake) da mai koko da mai tsire a Nima duk wuta suke hurawa tun asuba. Gawayin a manyan motoci yake zuwa daga wajejen Kintampo da Afram, buhu kan buhu, an toshe bakin kowanne da ciyawa. Wato dajin wasu muke ƙonawa, namu na kusa yana tsaye. Wanda Allah ya hore wa ya koma tukunyar gas.

Shi Achimota, Turawan mulkin mallaka ne suka karɓi filin daga dangin Owoo, wani gida na Ga, a 1921 da 1927, aka killace shi a 1930, har da nufin ya riƙa ba makarantar Achimota itacen girki. Yau akwai masu gadi na hukumar gandun daji, akwai gidan namun daji a ciki, kuma Kiristoci na shiga rukuni-rukuni su yi addu'a a gindin bishiyoyi. Duk da haka dajin ya yi ta zaizayewa ta gefe. Abin da ya fi tayar mana da hankali ya faru a 2022, lokacin da gwamnati ta fitar da wata takardar umarni mai lamba 144, ta cire sama da eka 360 daga cikin wurin da doka ta kare, da hujjar za a mayar wa dangin Owoo. Ana cikin wannan cece-kuce sai wasiyyar wani tsohon shugaban hukumar gandun dajin ta fito, an ga filaye a Achimota cikin abin da ya bar wa magada. Tsohuwar da ta tsinci ƙirare mai gadi na iya kora. Wanda ya zo da takarda da safiyo fa, wa zai tare shi?

Shi ya sa nake ganin tsarin Nairobi ya fi namu. Dajin Karura da ke can ma an so a raba wa manya, Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli, ta tsaya kai da fata, har aka fasa mata kai a wurin a Janairun 1999. Amma ba zanga-zanga kaɗai ta cece shi ba. A 2009 maƙwabtan dajin suka kafa ƙungiya, suka haɗa hannu da hukuma, aka zagaye shi da waya mai lantarki, aka sa kuɗin shiga, aka ɗauki mutanen unguwannin talakawa na kusa aikin gadi da dashe. Wanda abincinsa ke fitowa daga daji ba zai zuba ido a sayar da shi ba. Abijan kuwa katanga ta ja wa dajin Banco, wanda ya zama gandun ƙasa tun 1953. Katanga na hana shara da masu sara, sai dai tana raba mutane da wurin, su daina jin nasu ne.

Ku ma kuna da darasi kusa da gida, ba sai kun zo nan ba. Yamai ta fara dasa ɗamarar bishiyoyi kewaye da gari a 1965, yawanci darbejiya, gine-gine suka yi ta cin ta.

A wajenmu, abin da ya rage shi ne mu daina kallon Achimota a matsayin rigimar Ga da gwamnati. Yaran Nima da ke kwana a ɗaki mai kwanon rufi cikin zafin Maris sun fi kowa buƙatar inuwar nan, kuma har yanzu ban ji an kira sarakunan Zango teburin da ake yanke shawara a kanta ba. Mu ma ba mu nema ba.