Halittar da ba ta da ƙashi, ta yaya aka san yadda take girma?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana sun gano yadda wasu halittun teku na zamanin da can suke girma, alhali ba su da ƙashi ko ɓawo. Abin da ya ruɓe tun tuni, me aka auna?

Amsa: Sawun jikinsu aka auna. Mu ɗauki Dickinsonia, wadda ta rayu a ƙasan teku kimanin shekara miliyan 558 da suka wuce. Idan yashi ya binne ta farat ɗaya, siffarta kan zauna jikin yashin kafin naman ya ruɓe, daga baya yashin ya zama dutse. Wani masanin duwatsu, Reg Sprigg, ne ya fara cin karo da sawun Dickinsonia a 1946, a tsaunukan Ediacara na Kudancin Ostireliya.

Shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, sai dai ta ɗan fi tsawo, kaurinta 'yan milimita kaɗan. Layi ɗaya ya ratsa tsakiyarta, ƙananan gaɓoɓi sun jeru dama da hagu. Ba a ga baki ba, ba a ga hanji ba. Akwai wadda ba ta kai farce ba, akwai mai mita 1.4.

To, wannan bambancin girma shi ne abin aikin. Sai a jera ɗaruruwa daga ƙarama zuwa babba, a ƙirga gaɓoɓin kowacce, a auna su. Binciken da Scott Evans da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya nuna tana ƙara sababbin gaɓoɓi ta gefe guda, tsofaffin kuma suna faɗaɗa gwargwadon da siffar ba za ta baci ba. Girma mai tsari haka aikin dabba ne. A 2018 kuma aka samu ragowar kwalastarol, wani kitse da aka san dabbobi da shi, a jikin wasu da aka haƙo a gaɓar Farin Teku a Rasha, hujjar cewa dabba ce ta ƙara ƙarfi.

Amma fa kada ka ɗauka an gama magana. Har yanzu ana ja-in-ja kan wane gefe ne gaɓoɓin suke fitowa, domin Renee Hoekzema da tawagarta, su ma a 2017, ɗaya gefen suka nuna. Ni dai na fi sakin jiki da ƙirgen gaɓoɓi a kan awon tsawo, saboda jiki mai laushi yana miƙewa, yana takurewa, nauyin yashi ma yana iya murɗe shi.