Tambayoyin Masu Karatu: Labaran Yaƙin Indiya da Pakistan, Wa Za a Gaskata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin faɗan Indiya da Pakistan a watan Mayun 2025, an yi ta yawo da labarin cewa sojan ruwan Indiya sun ragargaza tashar jiragen ruwa ta Karachi, kuma manyan gidajen talabijin ne suka faɗa. Daga baya aka ce ƙarya ce. Yaya aka yi haka ta faru? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A daren 8 ga Mayu aka yi wannan, kwana guda bayan Indiya ta fara kai hare-hare don ramuwar kisan mutum 26 da aka yi a Pahalgam, a yankin Kashmir da ke hannun Indiya, ranar 22 ga Afrilu. A daren nan wasu tashoshin Indiya har cewa suka yi an kama babban hafsan sojan Pakistan, Asim Munir. Gari ya waye Karachi na nan lafiya lau.

Tushen matsalar shi ne ɗan jarida ba ya ganin filin daga. Yana zaune a Delhi ko Islamabad, abin da wani jami'i ya turo masa a waya shi yake karantawa, ya ce "majiyoyi sun tabbatar". Tasha ɗaya ta faɗa, sauran su kwafa don kada masu kallo su gudu, domin yawan masu kallo shi ke kawo talla. Editan da ya ce a dakata a bincika, sai a yi masa kallon maci amanar ƙasa. Ga shi kuma an toshe muryar ɗaya ɓangaren: Indiya ta rufe tashoshin YouTube 16 na Pakistan, ciki har da Dawn da Geo, ta kuma umurci kamfanin X ya toshe shafuka sama da 8,000. Kada ka ɗauka Pakistan ta wanke hannunta. Shafin gwamnatinta na X ya saka wani bidiyon harbo jirgi wanda daga wasan kwamfuta mai suna Arma 3 aka ciro shi.

Tambaya: Mu da muke nesa, a waya kawai muke ganin abin. Ta yaya za mu tantance? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, fara da bidiyon kansa. Ki tsayar da shi a inda hoton ya fito sosai, ki ɗauki hoton fuskar wayar, ki sa a Google Lens, manhajar da ke binciko asalin hoto. Idan ya taɓa fitowa a wata shekara, za ki gani. Ta haka aka gano cewa wasu bidiyoyin "harin Indiya" daga Gaza suke, wani kuma fashewar tashar ruwan Beirut ce ta 2020. Ki ɗauki hotuna biyu ko uku daga wurare daban-daban, saboda masu yaɗawa kan juya bidiyo ko su yanke gefensa, binciken farko ya gaza. Ki duba rubutun allunan shaguna da lambar mota: Urdu daban, Hindi daban, Larabci daban.

Alƙaluman gawa su suka fi yaudara. Bayan harin sama da Indiya ta kai Balakot, a cikin Pakistan, ranar 26 ga Fabrairun 2019, kafofin Indiya sun ce an kashe 'yan bindiga kusan 300. Hotunan tauraron ɗan'adam da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya nazarta sun nuna gine-ginen makarantar 'yan bindigar da aka ce an rusa suna tsaye. Don haka ki riƙa tambaya: wa ya ƙirga, kuma ya je wurin? Maganar da ta fi ƙarfi ita ce asarar da ƙasa ta amsa da bakinta. Pakistan ta ce ta harbo jiragen yaƙin Indiya tun daren farko, Indiya ta ƙi tabbatarwa, sai ranar 31 ga Mayu babban hafsan tsaron Indiya, Janar Anil Chauhan, ya amsa a Singapore cewa sun rasa jirage, bai faɗi adadi ba. Shawararmu, kada ki tura labarin yaƙi sai ya kwana, kuma kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters ko AFP ko AP sun ɗauko shi da sunan wanda ya faɗa.

Tambaya: Shin wannan farfaganda tana canza wani abu, ko surutu ne kawai? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Tana canzawa, Malam, har ta ɗaure hannun gwamnatin da ta amfana da ita. Wanda aka kwana ana faɗa masa an kusa cinye maƙwabciya, sulhu ba zai yi masa daɗi ba. Da aka tsagaita wuta ranar 10 ga Mayu, babban sakataren ma'aikatar harkokin wajen Indiya, Vikram Misri, wanda ya sanar da yarjejeniyar, ya sha zagi a intanet har da iyalinsa, sai da ya kulle shafinsa na X. Wannan ya fi damun mu, domin ƙasashen biyu duk suna da makaman nukiliya, kuma shugaban da jama'arsa ke neman ƙarin jini yana da wuya ya ja da baya a rikici na gaba.