Norm Abram ya yi ritaya: me kafintan talabijin ya bar wa mai koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Zariya, wannan ce shekarata ta huɗu ina koyon kafinta. Da daddare nakan kalli wani Bature mai gemu da riga mai gida-gida a YouTube yana haɗa tebura da kabad, sunansa Norm Abram. Na ga mutane suna ta yi masa addu'a da godiya, wai ya yi ritaya, wasu har suna cewa shi ne ya koya musu sana'a alhali ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Wane ne shi, me ya yi da ya kai haka? Kuma da gaske mutum zai iya zama kafinta ta hanyar kallo? Maigidana yana cewa ɓata data kawai nake yi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Kai da maigidanka kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, amma bari mu fara da mutumin tukuna.

An haifi Norm Abram a 1949, ya taso a jihar Massachusetts ta Amurka. Mahaifinsa kafinta ne, a hannunsa ya fara riƙe guduma tun yana yaro, ka ga ke nan shi ma ɗan gado ne, ba talabijin ce ta yi shi ba. A ƙarshen shekarun 1970 wani mai shirya shirye-shirye a tashar WGBH ta birnin Boston, Russell Morash, ya ɗauke shi aikin gina masa wani ɗan ɗaki a bayan gidansa. Abin da ya ja hankalin Morash, kamar yadda aka sha ba da labari, shi ne ƙanƙantar tarin guntayen katakon da Norm ya bari bayan ya gama. Kai da kake shago ka san ma'anar wannan: mutumin ya gama lissafinsa kafin ya ɗora zarto. Daga nan Morash ya jawo shi cikin sabon shirin da ya ƙirƙiro, This Old House, wanda ya fara fita a 1979. Sun sayi wani tsohon gida da ya lalace a unguwar Dorchester, suka riƙa gyara shi mako-mako a gaban masu kallo, daga rufi har famfo.

Yau wannan ba abin mamaki ba ne, amma a lokacin babu mai zaton mutane za su zauna su kalli ana ɓamɓare bango. Morash ya riga ya gwada dabarar da girki da kuma lambu: ka kawo gwani na gaske, ka bar shi ya yi aikinsa, ka sa wani ya tsaya kusa da shi yana yi masa tambayoyin da mai kallo zai so ya yi. Mai tambayar a farko shi ne Bob Vila. Shi ya yi suna, shi ake gani a gaba, har 1989 da suka raba gari da tashar saboda ya fara tallar wani kamfanin sayar da kayan gini, abin da bai yi wa kamfanin Home Depot daɗi ba, wanda shi ma kayan gini yake sayarwa, kuma yana cikin masu ɗaukar nauyin shirin a lokacin. Steve Thomas ya gaje shi har 2003, sannan Kevin O'Connor. Masu gabatarwa suna zuwa suna tafiya, kafintan yana nan.

Bidiyon da kake kallo kuwa yawancinsu daga shirinsa na kansa ne, The New Yankee Workshop, wanda aka yi daga 1989 zuwa 2009, zango 21, a cikin wani shago da ke bayan gidan Morash ɗin nan. A watan Mayu na 2022 aka sanar da cewa zai ajiye aiki a This Old House bayan shekara 43, aka yi masa shiri na musamman na ban kwana a watan Oktoba na wannan shekarar. Morash ya rasu a 2024. To, ka ga dalilin da ya sa mutane suke magana kamar an rufe wani babi.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ainihin gadonsa, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Ka tuna shekararka ta farko a shago. Shara, ɗauko gam, miƙo ƙusa, goga da samfefa har yatsu su yi sulɓi. Maigida yana aiki, kai kana satar kallo. Ba ya ce maka "na yanke wannan kafin wancan saboda kaza", sau da yawa ba don rowa ba, shi ma haka ya koya, hannunsa ya sani amma bakinsa bai saba faɗa ba. Haka sana'a take a ko'ina, har a Amurka. Abin da Norm ya yi shi ne ya fito da wannan ɓoyayyen lissafi fili. Zai je gidan tarihi ko wurin masu sayar da tsofaffin kaya, ya sami teburin da wani kafinta ya yi shekara ɗari ko fiye da suka wuce, ya auna shi, ya juya shi ya duba yadda aka haɗa ƙafafunsa. Ya dawo shago ya yi guda ɗaya na gwaji, wanda zai nuna maka tun farkon shirin don ka san inda aka dosa. Sannan ya sake yin wani daga farko a gabanka, yana faɗin me zai yi, da dalilin da ya sa wannan mataki ya riga wancan. Ba ihu, ba barkwanci, ba nuna isa. Wanda ya so kuma ya aika a sayar masa da zanen aikin mai ɗauke da awo.

Shi ya sa likita ko direba ko malamin makaranta a can zai ce Norm ne ya koya masa. Ba hannu ya ba su ba, tsari ya ba su: auna, sake aunawa, yanke, gwada haɗawa babu gam, sai komai ya zauna sannan a shafa gam a ɗaure. Da kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, ya sa mutanen da suke raina aikin hannu suka ga cewa akwai ƙwaƙwalwa a ciki. Wanda ya kalli yadda ake haɗa aljihun tebur na rabin awa ba zai ƙara taya kafinta da wulaƙanci ba, ko da yake wannan fata ne nawa, na san halin masu ciniki.

Akwai kuma maganar tabarau. Kusan duk shiri, kafin ya kunna inji, sai ya tsaya ya ce a karanta ƙa'idar kowane inji a fahimce ta, kuma babu dokar da ta fi sa gilashin kare ido. Ya maimaita har ta zama abin tsokanarsa. Ni dai na ga yaro da tsinin ƙusa ya shiga idonsa a wani shago, saboda haka ba na dariyar wannan magana. In ba ka ɗauki komai a wurinsa ba, ɗauki wannan.

Amma ba kowa ne ya yaba masa ba, kuma masu sukar ba mahassada ba ne duka. Shagon Norm cike yake da injuna, kowane ɗan aiki da na'urarsa, kuma kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan injuna, kamar Delta da Porter-Cable, suna cikin masu ɗaukar nauyin shirin. Mai kallo sai ya tashi da tunanin cewa ba za a iya yin kujera ba sai an tara injin miliyoyi. Ana kuma yi masa tsiya kan yawan harba ƙananan ƙusoshi da bindigar iska don su riƙe aiki kafin gam ya bushe. Gaskiyar magana, shirye-shiryen nan sun koyar, sun kuma sayar da kaya. Home Depot ma a 1979 ya buɗe shagunansa na farko a Atlanta, shekarar da This Old House ya fara, suka girma tare.

A nan ne nake so in haɗa ka da wani dattijon da wataƙila ba ka ci karo da shi ba, Roy Underhill. Shi ma a 1979 ya fara shirinsa, The Woodwright's Shop, a jihar North Carolina, ya yi zango 37. Roy ba ya taɓa abin da ke amfani da lantarki. Gatari, gizago, zarton hannu, abin fere katako, da injin juya itace na taka-da-ƙafa. Yakan fara daga gungumen itace, ya tsaga shi, ya sassaƙe, abin da masassaƙanmu masu turmi da kujerar mata za su gane nan take. Ana ɗaukar shirinsa a tashi ɗaya ba yankewa, saboda haka za ka gan shi yana haki, yana gumi, wani lokaci ya yanke yatsa jini na zuba ya ci gaba da bayani. Makarantar da ya buɗe a garin Pittsboro ma ya rufe ta a 2023. Masu sha'awar aikin katako a Amurka har sun rabu gida biyu cikin raha, 'yan inji mabiya Norm da 'yan hannu mabiya Roy. Ga wanda yake aiki inda wuta ke zuwa ta tafi, man janareta kuma ya fi ƙarfin aljihu, ina ganin Roy ya fi kusa da rayuwarka. Daga Norm ka ɗauki tsari, daga Roy ka ga yadda ake karanta jijiyar itace da yadda ake wasa ƙarfe ya yi kaifi.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da aka nuna a talabijin daidai ne. A Ingila an yi wani mai suna Barry Bucknell, wanda ya yi tashe a BBC a shekarun 1950 da 1960. Ya koya wa mutane rufe tsofaffin ƙofofi masu ado da fallen katako mai sulɓi don su yi kama da na zamani. Bayan shekaru, 'ya'yan waɗanda suka bi shi suka dawo suna ɓamɓare abin da iyayensu suka manna. Tasiri yana da kaifi biyu. Shirye-shiryen gyaran gida da suka biyo baya, musamman bayan an buɗe tashar HGTV a 1994, da yawansu sun koma nuna gida kafin gyara da bayan gyara, da matar gida tana kukan murna, aikin kansa kuwa an tsallake shi. Wannan ma na cikin abin da ya sa ake kewar su Norm.

Sai tambayarka ta ƙarshe, inda maigidanka yake da hujja. Kallo ba ya sa hannu ya iya. Allon waya ba zai gaya maka nauyin da za ka ɗora wa zarto ba, ko ƙarar da katako ke yi in ya kusa tsagewa. Bayan haka, akwai abubuwan da in ka kwafa kai tsaye za su cuce ka. Katakon da Norm yake amfani da shi an busar da shi a ɗakin zafi kafin ya iso shago. Naka kuwa sau da yawa daga kasuwar 'yan katako yake zuwa da ɗanyensa, ko madaci ne ko malaina. Ka haɗa shi da damina ya zauna daram, hunturu ya zo ya tsotse shi, sai ka ga fuskar tebur ta buɗe baki ko ƙofa ta murɗe. Dole ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, ka ba shi lokaci, ka kuma bar wa faffaɗan katako wurin motsi a cikin haɗin. Awonsu ma da tarko: abin da suke kira tu-bai-fo a can, in ka sa tef za ka samu inci 1 da rabi ne da inci 3 da rabi, don haka auna naka, kada ka bi lambar da ka ji. In kuma wata rana ka samu injin hannu na gwanjo da ya fito daga Amurka, duba jikinsa kafin ka jona, wutarsu 120 ce, tamu ta kai 230, nan take zai ƙone in babu taransifoma. Ga gara, wadda ba ta cikin lissafin mai yin kabad a Boston kamar yadda take cikin naka.

Shawarata, kada ka yi gardama da maigidanka. Zaɓi shiri ɗaya, ƙaramin aiki, irin ɗan akwatin magani na bango da Norm ya fara shirinsa da shi. Kalle shi sau biyu, na biyun da takarda da fensir, ka rubuta matakan bi da bi da awon kowane yanki. Ka nemi izinin maigida ka tsinci guntayen da suka rage a shago, ka yi shi da kayan hannun da kuke da su bayan an tashi aiki. In ka gama ka kai masa ka ce, "Maigida, a duba min inda na yi kuskure." Zai samu kuskure, kuma a wajen nuna maka shi zai faɗi abubuwan da shekara huɗu bai faɗa ba. Ka riƙa sauke bidiyon da daddare lokacin da data ke araha.