'Yan Tsana, Lambu da Kyanwowi: Yaya Zan Raba Wunina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina ɗinka 'yan tsana na ƙyalle, bana kuma na fara yi musu fuska da hannaye da yumɓun roba, irin wanda ake gasawa. Ina da ɗan lambu a bayan gida, da kyanwowi biyu da aku ɗaya. Duk fuskar da na gasa sai na tarar da gashin kyanwa a ciki, ƙaramar kyanwar kuwa ba ta ganin zare ta ƙyale. Ga shi wuni yakan ƙare ban gama komai ba, ina nan ina can. Masu wannan sana'a yaya suke yi ne? Ko dole sai na rabu da ɗaya daga ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba sai kin rabu da komai ba. Abin da ya dame ki shi ne kin bar abubuwa uku suna shiga juna, alhali kowannensu yana ɓata na kusa da shi. Maganin kuwa ƙofa ce mai rufuwa, da sanin aikin da za a fara da wanda za a bari sai yamma.

Wannan sana'a dama a cikin hayaniyar gida ta tashi. Käthe Kruse, Bajamushiyar da ta yi suna da 'yan tsana, a 1905 ta haɗa ta farko don 'yarta, da tawul da yashi, dankali kuma ya zama kai. Wata 'yar tata, Sophie, da ake kira Fifi, ita ce ta yi ta gwaji da wani sinadari har aka samu yumɓun da ya shiga kasuwa a 1966 da sunan Fimo. To shi wannan yumɓu, ko Fimo ne ko Sculpey ko Cernit, ba ƙasa ba ne. Roba ce da aka cakuɗa da wani mai da ke sa ta laushi, shi ya sa ba ta bushewa sai an gasa, shi ya sa kuma duk abin da ya taɓa ta sai ya manne. Gashin kyanwa ɗaya tak ya isa ya ɓata miki kuncin da kika yi sa'a uku kina gyarawa.

Yawancin gashin nan ba iska ce ke kawo shi ba, ke ce. Yana jikin rigarki da hannun rigarki da tafin ƙafarki. Saboda haka ki ware riga guda mai haske, marar zubar da zare, wadda ba ta fita daga ɗakin aiki. Ki ajiye wani ɗan curin farin yumɓu da ba ki damu da shi ba, kafin ki taɓa na aiki ki mulmula shi a tafin hannu da tsakanin yatsu. Za ki sha mamakin abin da zai kwaso daga hannun da kika rantse kin wanke. Ki riƙa aiki a kan gilashi ko tayil, ba kan katako ko ƙyalle ba. In za ki tashi ko na minti biyu ne, ki kife kwano a kan aikin. Kafin ki gasa, ki kai fuskar bakin taga ki juya ta a haske, ki tsince gashi da tsinin allura, sauran dattin ki goge da auduga da ɗan sifirit. Bayan an gasa ba ya fita sai da kankara, kankara kuwa tana barin tabo.

Yanzu ga wanda ya fi gashi muhimmanci, don shi rai ne. Zaren nan da ƙaramar take bi, wasa ne da kan kai kyanwa ɗakin tiyata. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, in zare ya shiga baki da wuya ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. Sau da yawa ɗaya bakin yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, ragowar ya bi hanji. Hanji na ƙoƙarin tura shi gaba, shi kuma yana ɗaure a sama, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda wando ke tattarewa a jikin mazagi, daga nan zaren ya fara yanka. In kin ga tana amai, ta ƙi abinci, ta lafe wuri guda, ko kin hangi zare a bakinta ko ta bayanta, kada ki ja. Ki kai ta wurin likitan dabbobi nan take. Ni kaina na taɓa barin allura da zarenta soke a hannun kujera na je buɗe ƙofa. Da na dawo zaren ya kusa ƙarewa a bakin kyanwata, allurar na lilo a gefen gemunta. Allah ya taimake ni bai yi nisa ba. Tun ranar ba na barin allura da zare a jikinta, kuma guntayen zare gwangwani mai murfi nake zuba su.

Akun naki kuma hanci za ki tsare masa. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, yana da jakunkunan iska da ke sa iska ta ratsa huhunsa ba tsayawa, don haka gubar da ke cikin iska takan kama shi tun mutum bai ji komai ba. Dalilin da ya sa ke nan masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari har zuwa 1986. Yumɓun roba in an gasa shi daidai ƙa'ida ba shi da wata matsala: Fimo a kan digiri 110 na ma'aunin Salsiyas, Sculpey wajen 130, amma ki bi abin da aka rubuta a jikin fakitin. In zafi ya wuce kima ya ƙone, hayaƙinsa yana yi wa ido da maƙogwaro raɗaɗi, ga tsuntsu kuwa haɗari ne sosai. Kada ki yarda da lambar da ke jikin murhun, ƙananan murhunan lantarki sun iya ƙarya. Ki sayi ma'aunin zafi na daban ki sa a ciki, ki lulluɓe aikin da takardar alminiyam don kada saman ya babbake. Ki riƙa gasawa nesa da kejin, taga a buɗe. Haka fentin feshi da ake rufe fuska da shi bayan zane: a waje, da takunkumi mai matatar sinadari, ba na ƙyalle ba, kuma ranar da iska ta bushe, domin laima kan sa ya yi fari-fari a kan fuskar. Gugar samfefa ma ki jiƙa ta da ruwa, ƙurar ba za ta tashi ba.

To yaya wunin zai kasance? Ni dai ga yadda na ga ya fi. Da sassafe ki sallami dabbobi, kyanwar da ta ƙoshi ta yi wasa ba ta cika kuka a bakin ƙofa ba. Ki yi ban ruwa da safar hannu, ki tsaya nan, kada ki ce bari in ɗan cire ciyawar can, don daga ciyawa ɗaya ake wayar gari hantsi ya yi. Ki wanke hannu har ƙarƙashin farce, ki sauya riga, ki rufe ƙofa. Sa'o'in safe na aikin fuska ne: sassaƙa, zanen ido, dasa gira, lokacin ido bai gaji ba, hasken rana kuma ba ya ɓoye launi yadda fitila ke yi. Da rana ɗinki da cusa auduga. Duk aikin da ke ɓata hannu, tonon ƙasa, taki, gugar samfefa, kwashe kashin dabbobi, ki tara shi zuwa yamma. Daga tsabta ake gangarawa zuwa datti, ba a hawowa. Kuma ki daina auna wuni da 'yar tsana guda. Ki yi kawuna uku a mako ɗaya, hannaye a na gaba, tufafi a na bayansa. Ɗauko kaya da mayar da su ne ke cinye miki lokaci ba ki sani ba.

Lambun ba kishiyar sana'arki ba ne. Duk bayan kamar minti 45 ki miƙe ki fita ki dubi nesa, wuya da ido su huta, hannu dai a aljihu. Akwai kuma rini a cikinsa. Busasshen ɓawon albasa yana ba da rawaya mai duhu kamar zinariya, furen merigol rawaya mai haske, ganyen baba shuɗi, ko da yake shi aikinsa daban ne kuma yana son haƙuri. Ulu da gashin akuyar Angora da ake yi wa 'yan tsana gashin kai da su suna karɓar irin wannan rini da kyau in an fara jiƙa su a ruwan alif, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin gashin. Kada ruwan ya yi ta tafarfasa, kada kuma ki yi ta juyawa, gashin zai dunƙule. Tukunyar rini ta zama ta rini kaɗai. Sai dai launin tsiro yana koɗewa a rana, don haka in za ki ɗauki hoton 'yar tsana a cikin furanni, ki nemi inuwa ko ranar da hadari ya rufe, ki gama ki maida ta ciki.

Ki kuma zagaya lambun da idon mai kyanwa. Furen lili, duk jikinsa guba ne gare ta: ganye, fure, ruwan da aka tsoma shi, har garin furen da za ta lasa a jikinta yana iya kashe mata ƙoda cikin kwana biyu zuwa uku. Wannan ba na sassauci a kansa, ki tuge shi. Oliyanda, wata shukar ado mai fure, ita ma guba ce, ita zuciya take taɓawa. Ƙwayoyin maganin katantanwa da ake barbaɗawa a gindin shuka sukan kashe kare da kyanwa.

Wajen ajiya, abokin gabanki asu ne, kuma tsutsarsa ce ke ci, ba mai fiffiken ba. Tana son ulu da gashin akuya, gashin kyanwar da ya taru a lungu ma abincinta ne. Duk sabon ulu ko gashi da kika kawo, ki ƙulle a leda ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na mako guda, ki bari sanyin ya sake shi a cikin ledar kafin ki buɗe, sannan ki adana a akwati mai rufuwa ruf.

In kina sayarwa, ki gaya wa mai saye cewa akwai kyanwa a gidan. Abin da ke tayar wa wasu mutane atishawa da asma ba gashin ba ne shi kansa, wani sinadari ne da ke cikin yawun kyanwa da fatarta, yana manne wa ƙyalle ya daɗe, ko da ba a ga gashi ko ɗaya ba.

Kyanwowin za su yi kwana uku ko huɗu suna kartar ƙofar suna kuka kamar an yi musu rashin adalci. Kada ki buɗe ko sau ɗaya, in kin buɗe kin koya musu cewa kuka na aiki. Ki sa musu kwali da tsohon bargo a wani wuri mai ɗumi kusa da taga, inda za su riƙa hango lambun.