Rawani Don Hoto, Ciniki Da Murya

Yaya, ka ce kana ganin maƙeran Yamai a TikTok sun sha rawani suna rubutu da Faransanci, har kana tambaya ko sun daina jin Hausa ne. Suna ji sarai, ko Buzayen cikinsu da ita suke ciniki. Rubutun dai ba kai aka yi wa ba.

Da can maƙeri da baduku suna zaune a rumfunansu a gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa tun 1959, ko a kasuwar sana'ar hannu ta Wadata, Turawa masu yawon buɗe ido su zo da ƙafarsu. Rashin tsaro ya rage su, bayan juyin mulkin 2023 kuwa sai ɗaiɗaiku. Dole aka bi su ta salula. Shi mai saye a Faransa yana son ganin hamada, to sai a naɗa masa rawani, ko da mutum riga da wando yake wuni da su. Ban ga laifinsu ba, rawanin ai nasu ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke nuna hannu. Za a jingina salula da gwangwani kusa da uwar maƙera, ka ga an siffanta kuros ɗin Agadas, wato abin wuyan nan na Buzaye, da kakin zuma, an lulluɓe da yumɓu, an gasa kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar azurfa. Duk don ka san ba bugun inji ba ne. Amma sabon zane ba kasafai ake ɗora shi ba sai an sayar, don maƙwabci ma yana da salula.

Farashi kuwa da wuya ka gani a rubuce. Sai ka shiga WhatsApp, saƙon murya ya yi ta kai da komo, "albarka", "ƙara dai", har a daidaita a jika kaza na sefa. In mai sayen na gida ne, a tura kuɗi ta kamfanin aika kuɗi na Nita, a sa kaya a motar safa ta Rimbo.

Inda nake jin haushi shi ne wajen mata. Masu ginin tukwane a Bubon da masu saƙar tabarmi a Madawa ba su cika fitowa ba, dillalai ke ɗaukar hoton kayansu su ce nasu ne, su ninka kuɗi. In za ka sayi wani abu, ka ce a kira ka ta bidiyo ka ga mai shi a bakin aiki.